Muryar Hamma a Cikin Akwatin Diski

Keita, Litinin 19 ga Mayu, 2025

Daga: Naja'atu Maiguwa, mai kula da ma'ajiyar shaidu, buron Keita.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Gudanarwa, Ƙungiyar Gona da Garke ta Adar, Tahoua.

Game da: Ɓarnar da anka yi wajen haɗa sabon akwatin diski da sarbar, da roƙon a dakatar da aikin da anka shirya yi ranar Alhamis 22 ga Mayu.

Ranka shi daɗe,

Bayan gaisuwar girmamawa da fatan wagga takarda ta iske ka lafiya kai da iyali, ina neman izini in gabatar da kukana. Shekarata goma sha ɗaya ina aiki a ƙungiyar nan, ban taɓa tsallake shugabana na buro, wato ofishinmu, na rubuto maka kai tsaye ba. Yau na tsallake shi, kuma na san abin da na yi.

Kamar yadda ka sani, aikinmu shi ne ɗaukar shaidar dattawa a kan iyakokin gonaki da burtalin dabbobi a Keita, Bouza da Madaoua. Mutanenmu ba su cika sakin jiki da takarda ba. Mutum sai shi ce ba shi ne ya dangwala ba, ko an karanta mishi wani abu dabam. Amma in anka kunna mishi muryar ubansa tana faɗin inda gonarsu ta tsaya, ba ka ƙara jin bakinsa. Shi ya sa muke bin dattawan ɓangare biyu a ƙafa, suna tafiya suna kiran sunan kowace alama, mu kuwa muna ɗauka a ƙananan katunan na'urar ɗaukar murya. A shekara shida mun tara irin wagga shaida ɗari biyu da goma sha huɗu. Ga abin da ya same su.

1. Ranar Talata 11 ga Fabrairu, kamfanin da Kwamiti ya ba kwangila ya turo mana ma'aikacinsa, Mushe (wato Monsieur) Imrana, da akwati mai diski goma sha biyu a ciki. An ce mana shi ne rumbun da za a zuba duk shaidun, a haɗa shi da babbar na'urar buro, wadda suke kira sarbar. Ya ja kabul biyu, wato wayoyin haɗi, daga akwatin zuwa sarbar. Da ya kunna, sai diski biyu sunka fito a allo, girmansu ɗaya. Na tambaye shi dalili, gaban shugaban buro Malam Abdoulkadir. Ya ce na farko shi ne ma'ajiya, na biyu kuma kwafinta ne, ko ɗaya ya mutu ɗaya na nan. Na roƙe shi shi gwada mini, mu cire kabul guda mu gani. Ya yi dariya, ya ce Madam ta bar aikin masu aiki, ya tambaye ni ko a gida ma haka nike sa ido a kan tukunyar kowa. Anka yi ta dariya, har da ni, don kunya. Bai bar mana ko shafi ɗaya da ke nuna yadda ya tsara akwatin ba. Ya kama motar Tahoua kafin la'asar.

2. Na kwashe kwana tara ina zuba shaidun cikin diski na farko, kati bayan kati. Ranar Litinin 24 ga Fabrairu anka ba ni umarni a rubuce in goge katunan, don tawagar da za ta tafi Bangi ta samu abin ɗaukar sabbin shaidu. Dalilin da anka rubuta shi ne akwai kwafi biyu a akwati. Na yi gardama da baki, ban yi a rubuce ba. Da hannuna na goge su, Ranka shi daɗe. Ba na ɓoye wannan, kuma ba ranar da ba na tuna shi.

3. Ranar Talata 29 ga Afrilu Mushe Imrana ya komo, wai an aiko shi shi ware wa buron Bouza wurin ajiya a cikin akwatin. Ina makarantar ɗiyata a lokacin, an kira iyaye. Abin da waɗanda ke wurin sunka shaida mini shi ne, ya duba allo, ya ga diski na biyu, ya ce wanga ai zaune shike ba aiki, ya goge shi ya shirya shi sabo, abin da suke kira formate. Mutumin da ya ce mana da bakinsa kwafinmu ne! Ko minti ɗaya abin bai ɗauka ba. Da na komo na buɗe diski na farko, fayau, ba kome. Na rufe na sake buɗewa har sau nawa ban sani ba. Mushe Imrana kuwa ya riga ya hau hanya.

4. Da na rasa inda zan sa kaina, na kira Fa'iza, abokiyar aikinmu ta buron Madaoua, wadda ta karanci aikin na'ura. Na tura mata hotunan allo da na bayan akwatin. Ita ta fahimtar da ni cewa tun ranar farko ba mu taɓa samun diski biyu ba. Ma'ajiya ɗaya ce, sarbar na hango ta ta kabul biyu, kamar ɗaki ɗaya mai ƙofa biyu. Kabul na biyu amfaninsa shi ne in ɗaya ya lalace aiki shi ci gaba. Akwai wani tsari da ya wajaba a kunna a sarbar don ta gane hanya biyu ce zuwa wuri guda, kuma ta ce wannan shi ne abu na farko da littafin akwatin ke umarta. Ba a kunna shi ba. Littafin na nan a buro, cikin ledarsa, ko ɓare ta ba a yi ba. Wato ya shiga ta ƙofa ta biyu ya share ɗakin da muke ajiya ta ƙofa ta farko. Wata biyu da rabi muna alfahari da kwafin da babu shi, har baƙi muke kaiwa su gani.

5. Na rubuta wa kamfanin ranar 2 ga Mayu, na sake ranar 9 ga Mayu. Ta farko ba a amsa ba. Ta biyu anka amsa da layi uku: wai matsalar daga masu amfani da na'ura ce, wai ana bukatar a ƙara wa ma'aikatan buro horo, kuma za su zo ranar Alhamis 22 ga Mayu su sake tsara akwatin daga tushe, su zuba takardun Bouza. Horo! Ni da na ce a cire kabul a gwada, ni ce za a horar. Malam Abdoulkadir ya sa hannu ya amince. Da na yi mishi magana ya ce in yi haƙuri, abin da ya wuce ya wuce, kada mu ɓata da kamfani. Mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba, amma wallahi haƙurin nan nasa ya ishe ni.

6. Wanga shi ne abin da ya sa na tsallake kowa na zo gare ka. Fa'iza ta ce irin gogewar da ba ta kai minti ɗaya ba, jerin sunayen kawai take sharewa. Muryoyin da kansu mai yiwuwa suna nan kwance cikin diski, kuma gwani na iya tono su, in dai ba a rubuta wani abu a kansu ba. Ba ta yi mini alkawari ba, ta ce mai yiwuwa. Amma ta tabbatar mini cewa ranar da anka sake tsara akwatin anka zuba sabbin kaya, to sai dai a yi ta'aziyya. Na rubuta wa kamfanin wannan a takardata ta biyu, da manyan baƙaƙe. Ko ambatonsa ba su yi ba a amsarsu.

7. Ranka shi daɗe, a cikin ɗari biyu da goma sha huɗun nan, da yawa za a iya komawa a sake ɗauka, ko da wahala. Akwai wadda ba za ta sake ɗaukuwa ba. Ranar Laraba 20 ga Nuwamba, 2024, bayan an kwashe hatsi, na bi dattawa biyu a burtalin da ke gabas da Babankatami. Hamma ne dattijon makiyaya, Ɗanmaraya kuma na manoma. Tun hantsi har azahar muna tafiya. Hamma na dogara sanda, shina kiran kowace alama da Hausa, shi maimaita da Fulatanci don mutanensa: gawon da tsawa ta tsaga, duwatsu ukun da anka jera, tsohuwar rijiyar da ta burma. Kowace ya kira sai Ɗanmaraya shi ce haka ne. Suna tafe suna tsokanar juna, Ɗanmaraya na cewa shanun Hamma sun fi mai su sanin hanya, Hamma na cewa gonar Ɗanmaraya tana da ƙafa, kowace damina sai ta ƙara taku ɗaya. A bakin rijiyar sunka yi fatiha, kowa ya ce ya ji ya yarda. Awa biyu da minti arba'in ne, ni na riƙe na'urar.

Hamma ya rasu ranar Juma'a 14 ga Maris, cikin azumi, Allah shi jiƙan shi. Ɗanmaraya kuma ciwon ɓarin jiki ya kama shi bayan sallah, bakinsa ba ya fita. Yanzu wasu daga cikin magadansa sun yi sharar gona har cikin burtalin, sun ce rijiyar da ake nufi wata ce can gaba. An sa zaman sulhu ranar Talata 3 ga Yuni, kuma ɓangarorin biyu sun yarda da abu ɗaya kawai: a kunna muryar dattawan, abin da sunka faɗa shi ne hukunci. In ba a kunna ba, ruwa na sauka za a shuka wurin, garke kuma dole shi bi ta nan zuwa arewa, don ba shi da wata hanya. Kai ka fi ni sanin abin da ke biyo bayan wannan. Don gudun sa anka kafa ƙungiyar nan.

Ranar Alhamis da ta wuce Fatsima, babbar ɗiyar Hamma, ta zo buro. Ba maganar burtali ta kawo ta ba. Ta ce ta ji an ce muryar babanta na wurinmu, tana son ta ji ko kaɗan ne, don ba ta nan ranar da ya cika. Ta zo mini da ƙwaryar nono. Na ce mata na'ura na gyara, ta komo bayan zaman sulhu. Ta yi godiya, ta ce ba kome, za ta jira. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Mai Girma Shugaba:

Na farko, a ba da umarni a rubuce, kafin safiyar Alhamis, cewa kada kowa shi kunna akwatin ko shi rubuta kome a cikinsa, kamfani ne ko ma'aikacin buro.

Na biyu, a nemo gwanin tono abin da anka goge, wanda ba na kamfanin nan ba, shi fara da shaidar 20 ga Nuwamba, don ta samu kafin 3 ga Yuni.

Na uku, in an zo sake haɗa akwatin, a kunna tsarin hanya biyun, a cire kabul a gabanmu a gwada, a bar mana bayanin tsarin a rubuce, kuma a samar da kwafi na gaskiya a wata na'ura dabam, a wani ɗaki dabam. Ba na roƙon a kori Mushe Imrana, shi ma da iyali gare shi. Amma a cire kalmar nan ta laifin masu amfani daga dosiye, wato kundin takardun wagga magana, don ƙarya ce.

Akwai abu na ƙarshe da ya kamata ka ji daga bakina kafin ka ji daga wani. Yau da safe, bisa shawarar Fa'iza, na kashe sarbar da akwatin yadda ya dace, na zare kabul ɗin biyu, na kulle ɗakin. Ban nemi izini ba, don na san ba za a ba ni ba. Aikin buro ya tsaya, Malam Abdoulkadir ya ce zai rubuta rahoto a kaina, kuma gaskiyarsa ne. Duk hukuncin da Kwamiti ya yanke mini na karɓa, ko dakatarwa ce ko sallama. Sau ɗaya na bi umarni na goge muryar Hamma da hannuna. Ba zan tsaya ina kallo a goge ta karo na biyu ba.

Mabuɗin na ɗaure a bakin zanena. Ranar Alhamis zan zauna a ƙofar ɗakin tun safe. Ba zan miƙa shi ga kowa ba sai wanda ya zo da takarda mai sa hannunka. In takardar ta ce a buɗe wa kamfani, zan buɗe, amma ina roƙon alfarma ɗaya: a turo wanda zai gaya wa Fatsima, don ni bakina ba zai iya ba.

Ka huta lafiya, Allah shi ƙara girma, shi yi maka jagora.

Taka mai biyayya,

Naja'atu Maiguwa
Mai kula da ma'ajiyar shaidu, buron Keita

Haɗe da wagga takarda: umarnin 24 ga Fabrairu, takarduna biyu zuwa kamfani da amsarsu, da hotunan allo guda huɗu.