Kwalbar da Ta Ƙi Yin Ja

Zuwa ga: Mai Girma Insifektan Makarantun Sakandare, Jihar Damagaram
Daga: Inusa Gambo, tsohon mai kula da ɗakin gwaji, Lise Bakin Tapki
Rana: Litinin, 26 ga Nuwamba, 1984

Game da: Korar da aka yi mini bisa ƙaryar Mushe (wato Malam) Ɗanladi Nomau, malamin ilimin sinadarai

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina roƙon izinin shimfiɗa maganata, domin ranar da kuka ziyarce mu ba a bar ni na buɗe baki ba.

1. Shekarata goma sha tara ina jera kwalabe a ɗakin nan. Ba ni da difloma, amma hancina da idona sun san aikinsu. Ko da famfo ya ƙafe bana, a kaina nake ɗauko ruwan wanke kayan gwaji.

2. Ranar Laraba, 14 ga Nuwamba, Mushe Ɗanladi ya tashi nuna wa ɗalibai, a gabanku, yadda ake gane sinadarin da ake kira aldehid. Duk wanda ya daɗe a ɗakin ya san cewa in aka dafa aldehid da shuɗin ruwan Felin, sai ya koma ja kamar jan bulo. Sinadarin seton kuwa ko a jikinsa, ko za a wuni ana dafawa. Sunan aldehid da "al" yake ƙarewa, na seton da "one". Na ajiye masa PROPANAL a hannun dama. Shi kuwa, garin kallon fuskarku da gyara kwala, ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko PROPANONE. Na yi gyaran murya har sau biyu, ya harare ni.

3. Da ruwan ya tsaya shuɗi, ɗalibai suka fara dariya, sai ya juya ya shaida muku wai yunwa ce ta sa na sayar da maganin na cika kwalbar da ruwa. Ranka ya daɗe, ruwa ba ya warin maganin goge jan farce kamar PROPANONE. Da ya kai hancinsa bakin kwalbar, da ya ji abin da ya ɗauko. Ɗalibai arba'in da biyu suka ji an kira ni ɓarawo, cikinsu har da waɗanda na koya wa iyayensu kunna fitilar gwaji.

4. Ranar Litinin, 19 ga wata, darakta ya karɓe makullin, aka cire sunana daga rabon dawar ma'aikata. Tun da gero ya ƙone a ƙauyenmu Hamdara, ƴan'uwana tara suka sauka a gidana. Matata Wasila yanzu dusa take tankaɗewa ta yi mana tuwo. Shi kuma Mushe yana wucewa ta ƙofata bisa babur, har da ɗaga mini hannu.

Saboda haka, cikin ƙasƙantar da kai, ina roƙon a mayar da ni bakin aikina da rabona. Amma ba zan ɓoye muku ba, wannan kaɗai ba zai sanyaya mini zuciya ba. Ina roƙon ku dawo, a tara ɗaliban nan arba'in da biyu, kada a rage ko ɗaya. A cire takardun suna daga kwalaben biyu, a ce wa Mushe ya bambanta su. In ya iya, ku ƙara korata, na yarda.

In ya kasa, a ba ni minti goma. Akwai gwaji na biyu da bai taɓa yi da hannunsa ba, kullum ni nake haɗa masa a bayan labule ya fito ya sha yabo. In aka ɗumama aldehid da ruwan azurfa, azurfar takan lulluɓe cikin kwalba ta zama madubi. Zan haɗa shi a fili, in goge kwalbar da hannun rigata, in miƙa masa da hannu biyu cikin ladabi, ya duba ya faɗa wa ɗalibai fuskar wa ya gani a ciki.

Allah ya ja zamaninku, ya ba mu damina mai albarka.

Mai biyayya gare ku, wanda bai yafe ba,

Inusa Gambo
Unguwar Zango, Damagaram