Wutar Murhun Kawu Malachy

Ennis, 3 ga Oktoba

Kawu Malachy,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ciwon gwiwa ya lafa.

Inshorar mashayarka za ta ƙare ran 31 ga wata. Shi ne aikin farko da ofishinmu na dillancin inshora ya bar mini ni kaɗai, don haka na karanta komai sau biyu. Kamfani biyu ne kawai suka yarda su karɓi gida mai rufin ciyawa. Dukansu za su biya idan an yi gobara, ko wani ya zame ya karye, ko giya ta lalace a ɗakin ajiya.

Na farko ya fi araha, amma sharaɗinsa a kashe wutar murhu kurmus kullum idan an tashi. Na biyu ya yarda a turbuɗe ta a toka yadda ka saba, amma sai an share bututun hayaƙi an sa masa ƙarfe a ciki. Mai aikin ya ce ba zai taɓa shi ba sai ya kwana uku babu wuta.

Don Allah kada ka ajiye takardar nan a bayan agogo. Idan wa'adi ya wuce, tartsatsi ɗaya ya isa ya raba ka da gida da sana'a.

'Yarka,
Clodagh

*

8 ga Oktoba

Malama mai digiri,

Na gaishe ki, gwiwa tana nan tana mulkinta.

Wutar da kike cewa a kashe, kakata ce ta hura ta ranar da ta tare a gidan nan, kuma ba ta taɓa mutuwa ba. Ba a hannuna za ta mutu ba, ko na kwana uku ko na minti uku. Ki ɗauki mai arahar, ki rubuta musu cewa muna kashewa. Wa zai taso daga Dublin ya zo ya tsoma yatsa a tokata?

Ki gaida uwarki. Ki ce mata har yanzu ina jiran tukunyata.

Kawunki

*

Ennis, 11 ga Oktoba

Kawu,

Ina gaisuwa. Ba zan iya rubuta haka ba. Ba kafin gobara suke zuwa ba, bayanta suke zuwa, kuma ba sai sun taɓa toka ba: allon ƙofarka ma ya ce wutar ba ta taɓa mutuwa ba. Ba za su biya ko sisi ba, ni kuma a kore ni. 

Na tambayi Mama. Ta ce a dā idan za a gyara gida, sai a kwashi garwashi a tukunyar ƙarfe a kai maƙwabta, wuta ta yi baƙunta har a gama. Na bi gidajen garinku ɗaya bayan ɗaya a waya. Kowa ya koma lantarki ko mai. Murhu ɗaya ya rage, na mashayar Nuala Hehir da ke tsallaken titi.

Na san ba kwa magana tun da ta janye maka mai gogenka na ranar Alhamis. Ni dai abin da na samo ke nan.

Taka cikin damuwa,
Clodagh

*

19 ga Oktoba

'Yar nan,

Gaisuwa. Na tsallaka titin.

Ina shiga da hula a hannu Nuala ta ce, "Malachy! Wa ya mutu?"

Na ce, "Ba kowa. Masauki nake nema wa wuta."

Ta yi dariya har sai da ta riƙe kanta. Ta ce, "Tsohon banza, kai da ka ce ko gawarka ba za ta shigo nan ba?"

Na roƙe ta ta ware mini gefe guda a murhun. Ta ce ita wuta ba ta san taka da tawa ba, idan ta shigo za ta gauraya, abin da zan mayar gida rabi na Hehir ne. Kuma ita ba baiwar kowa ba ce, in zo in zauna in yi jinyar abata da kaina, in sayi abin sha kamar kowa. Mai gogen yana gefe yana ta washe baki, maci amana.

Ki ɗauki mai tsadar. Ki ce wa mai bututu ya zo ran Talata. Uwarki ta aiko da tukunyar, a ciki zan kai garwashin.

Abu ɗaya ke hana ni sakat. Wutar da ta kwana uku a gidan Hehir, ta kakata ce kuwa? Ke da kike son gaskiya tsirararta, ki faɗa mini, in ya so in sauke allon.

Kawunki

*

Ennis, 29 ga Oktoba

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma taya ka murnar dawowar wutar gida. Inshora ta fara aiki yau da tsakar rana.

Kamfanin ya tambaya ko an sauya wani abu a murhu. Na daɗe riƙe da alƙalami. Na rubuta: bututu sabo ne, wuta ita ce ta dā. Na sa hannu.

Ka bar allon. Ka gaida Nuala.

'Yarka,
Clodagh