Tofin Gwaggo Rabi

Daren Laraba, Gyadi-Gyadi

Yau Gwaggo Rabi, yayar Baba, ta zo duba ni daga Tarauni, kuma tarin nan nata bai kwanta mini ba. Wai yaji ne ya sarƙe ta. Wane irin yaji ne wannan, tun hantsi har la'asar?

Likita ya gaya mini ƙarara: garkuwar jikina ce take cin jijiyoyina, shi ya sa ƙafar nan take mutuwa. Maganin da nake sha danne garkuwar yake yi, don haka murar da wani zai yi yawo da ita, ni kayar da ni za ta yi. Na roƙi maigidana ya riƙa tare masu tari. Ya ce, "Haba, wa yake korar mai dubiya?" Amma shi da ya ɗauko Gwaggo, ko zama bai yi ba. Anya bai san tana tarin ba?

Da za ta tafi, ta yi addu'a, ta tofa a kofin ruwa, ta miƙo mini, idonta taf da hawaye. "Shanye, 'yata, waraka ce."

Na shanye tas.

Yanzu maƙogwarona yana ƙaiƙayi. Allah Ya sa addu'ar ta riga tarin isa.