Sule Takwas Ɗin Zaituna

Alhamis, 19 ga Agusta, 1954

Yau kwana arba'in da rasuwar Zaituna. Na daka gumba na kai gidansu. Ban yi kuka a gaban mutane ba.

Abin da ke cina shi ne, ranar jana'iza ina daga cikin gida na ji liman yana tambaya ko akwai mai bin ta bashi, ko wanda take bi. Aka yi shiru. Ni ma na yi shiru, alhali sule takwas ɗinta na wuyana.

Kuɗin biki ne. Tun muna amare a nan garinmu, Turawa, muka ƙulla. Na kai mata sisi ranar sunan ɗanta na fari, da nawa ya zo ta kawo sule ɗaya, haka muka riƙa ninkawa. Sau biyu abin ya yi nauyi muka yanke, muka koma sisi. Bara, a auren autana Lukumanu, ta zube takwas a faifai tana dariya. "Sabuwa, ki fara tara sha shida, kada ki ce ban faɗa miki ba."

Asabar, 21 ga Agusta

Malam, maigidana, ya ce biki ba bashi ba ne, kyauta ce, mutuwa ta raba. Na ce to. Shi namiji ne, bai taɓa zama gaban faifai ba.

Khadijatu, autar Zaituna da ke aure a Ruwan Bago, za ta haihu da kaka. Ranar suna zan kai mata. Takwas daidai, ba ƙari. Kowace mace ta san ma'anarsa: in ka ninka, biki ya ci gaba, in ka mayar daidai, an rufe ke nan. Rufewa zan yi. Da wa zan ci gaba? In ja layi a kan sunanta a littafin nan, in huta. Shekara ashirin ina matsar mai ina toya ƙuliƙuli, ba wanda ya taɓa tsayawa a ƙofata yana bina ko anini.

Laraba, 25 ga Agusta

Na fasa asusu. Sule uku. Na zaci ya fi haka.

Juma'a, 3 ga Satumba

Ɗanmaliki mai awon gyaɗa ya ji labari, ban san a bakin wa ba. Ya yi sallama da Malam, ya ce a gaya min akwai sule takwas a aljihunsa yanzu, ba sai na wahala ba. Da kaka kawai in ba shi rabin buhun gyaɗa daga gayaunata, 'yar gonar nan tawa.

Na amsa daga bayan zana. Na ce, "Sannu da ƙoƙari. Rabin buhun nan nawa yake zama idan ka kai Kano?"

Ya ce, "Haba uwar gida, ai taimako ne."

Na ce, "Allah ya saka. Ka bar ni da wahalata, na fi sanin hannunta."

Na lissafa da tsakuwa bayan ya tafi. Abin da zai karɓa ya fi ninki biyu. Kuma da mudunsa zai auna, mudun nan mai ciki kamar tulu. Ba zan ci bashi in biya bashi ba. Rabin unguwar nan gyaɗarsu tana ƙasa, amma tuni ta zama tasa.

Talata, 7 ga Satumba

Na tare Ɗantala mahauci a hanyar rijiya. Tun kafin azumi yake ɗaukar mai da ƙuli don tsirensa, sule biyu da sisi.

Da ya hango ni ya fara gaisuwa tun daga nesa, ya tambayi Malam, ya tambayi awaki, har kaji. Na bar shi ya gama.

"Inna, wallahi kasuwa ta mutu."

"Ta mutu, amma ka yi sabuwar hula?"

"Aro ce."

"To ka ari kuɗina a inda ka ari hular."

Matan rijiya suka kwashe da dariya. Da la'asar ya kawo sule biyu da kansa, ya ce sisin sai ranar kasuwa, in ba shi kwalba ɗaya kafin nan. Na ce tsoho ya fita tukuna, sabo ya shiga.

Da can Zaituna ce ke karɓo min irin wannan. Ni kunya nake ji. Sai ta ɗaura gyale ta ce, "Ke kin iya ba da bashi, ba ki iya bi ba, tashi mu je." Yau na juya in ba ta labari. Ba kowa.

Litinin, 13 ga Satumba

Sisin Ɗantala ya shigo. Matan unguwa sun biya nasu, kwabo-kwabo, ya tashi sule ɗaya. Na yafe wa tsohuwa Turai taro, kwabo uku, ba ta da shi. Shida da sisi.

Lahadi, 26 ga Satumba

Kaɗin zare nake yi, yatsuna har sun yi kanta. Ba ni da abin rubutawa.

Asabar, 9 ga Oktoba

Masaƙi ya sayi zarena, sule ɗaya da sisi. Takwas cif! Na ƙulle a bakin tsohon ɗankwalin da Zaituna ta bari a ɗakina, na sa a ƙasan tukunya. Ban ranci ko anini ba, ban kai ko tasa ɗaya jingina ba. Na gaya wa Malam, ya ce, "Ke dai da taurin kai." Amma na ga yana murmushi.

Laraba, 20 ga Oktoba

Na je Ruwan Bago dubo Khadijatu. Ƙafa ta kumbura, ta rame a wuya. Ta ciro wani zare daga cikin kwallarta ta nuna min. Ashe haka uwarta ke riƙe lissafi, tunda ba ta yi karatu ba: kowace ƙawar biki da zarenta, kowane sha'ani ƙulli ɗaya. Na sauran gajeru ne. Nawa ya kai kamu guda.

Ta ce, "Inna, kada ki takura kanki. Sauran ƙawayenta duk sun aiko cewa daidai za su mayar. Na san haka ake yi."

Na ce haka ake yi.

Na tambaye ta wa zai dafa mata ruwan wankan jego. Ta sunkuyar da kai, ta ce ba a tsayar ba tukuna. Na dawo gida da ciwon kai. Rana ce, ina jin.

Alhamis, 4 ga Nuwamba

An aiko. Ta sauka lafiya jiya, mace.

Asabar, 6 ga Nuwamba

Gyaɗar gayaunata ta yi kyau. Na ware ta mai da ta iri, Malam ya kai min ragowar sikeli, ya tsaya a kai har aka auna. Fam ɗaya da sule huɗu, a hannuna, ba na kowa a ciki. Ɗanmaliki ne ma ya saya. An ce da ya ƙirga kuɗin sai da ya ce, "Matar nan taka ta fi ni lissafi." Ai kuwa.

Laraba, 10 ga Nuwamba

Suna. An sa wa yarinya sunan marigayiya, za a riƙa kiranta Iya.

Da aka zauna gaban faifai, ƙawayen Zaituna uku suka ajiye nasu. Mai shela tana faɗa: sule biyu, daidai. Sule huɗu, daidai. Sule ɗaya, daidai. Khadijatu tana cewa an gode, tana kwance zaren kowacce. Saura ɗaya a cinyarta, dogon nan.

Na kwance ɗankwali na zuba takwas. Mai shela ta buɗe baki. Na ce ta dakata, ban gama ba. Akwai kuɗin gyaɗa a lalitata, ban san dalilin da ya sa na taho da shi ba. Na ƙirga takwas na ɗora.

Guɗa ta tashi. Khadijatu ta riƙe hannuna. "Inna, ina zan samo talatin da biyu?"

Na ce, "Uwarki ma sau biyu ta yi min wannan kukan. In ya yi nauyi sai mu yanke, mu koma sisi. Ƙulla zarenki."

Ta ƙulla.

Juma'a, 12 ga Nuwamba

Ina Ruwan Bago har yanzu. Itacensu ɗanye ne, kuma ba su iya dafa ruwa ba, dole wani ya tsaya. Na aika wa Malam ya ci a gidan Lukumanu har arba'in.

Ba wani abu ba ne, gyaɗa ce ta yi kyau bana.

Na buɗe shafin in ja layin nan a kan sunan Zaituna. Na bar shi. Mai sunan tana nan a bayana, tana barci.