Gadar Jirgi da Rufin Motarki

Zuwa ga 'yata Gillian,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da mijinki Graham da yara. Ni dai gwiwar nan ce, sauran da sauƙi.

Tun rasuwar mahaifiyarki kike ɗaukata kamar ƙaramin yaro. Kin hana ni hawa tsani, kin canza mini murhu ba shawara, kullum zancenki gidan tsofaffi ya fi mini zaman kaɗaici. Abin nan ya daɗe yana cina a rai. Shi ya sa na nace sai kin ara mini motarku mai ɗaki, mu je bakin teku ni da Wilf, tsohon abokin aikina a hanyar jirgin ƙasa, ki ga har yanzu da saurana.

To, hoton da Graham ya gani a waya gaskiya ne. Amma ki ji daga bakina.

Lafiya lau muka tashi. Muka kwana a wata gona, Wilf ya ƙona wake, ya cika motar da minshari. Da safe na ce mu ratse gidan tarihin jirgin ƙasa, mu gaida kan jirgin nan da muka sha gyara wa hanya. Na'urar nuna hanya ta motar ta ce a bi babban titi, na kashe ta. Akwai 'yar hanya ta ƙarƙashin gadar jirgi, gadar da na sha yi wa fenti da hannuna. Wilf ya ce in duba allon tsayi. Na ce masa, tsohon banza, ni za a koya wa wannan gada? Na manta shaf da akwatin da Graham ya ɗaura a rufi.

Ƙarar har yanzu tana kunnena.

Kin san doka. Wanda ya bugi gada sai ya kira lambar wayar da ke jikinta, a tsayar da jirage har a duba. Rayuwata duka ina zagin direbobin da ke jawo mana wannan, ga shi da bakina na kira. Jirgi ya tsaya a sama, fasinjoji suka leƙo suna ɗaukar hoto, ga tawul da kujerun yaranki warwatse a titi. Injiniyar da ta zo dubawa ta hangi lambar yabon aiki da na maƙala a kwat saboda ziyarar. Ta ce ashe Baba namu ne. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na cire lambar na sa a aljihu.

Mun isa gidan tarihin da rufi ɗaure da igiya. Na kasa fitowa daga mota. Wilf ya shiga shi kaɗai, ya dawo da shayi, wai ma'aikatan sun ce in zo, akwai wurin ajiye ni kusa da tsofaffin injuna. Ban yi dariya ba.

Duk sanda na kira, Graham ke ɗauka, ya ce kina wanka. Gillian, mutum ba ya wuni a wanka. Ki yi mini faɗa, ki karɓe makullin motar, ba zan ce uffan ba. Abu ɗaya nake son sani: in na dawo, a gidana zan zauna, ko kin riga kin yanke kai ni gidan tsofaffi? Kada ki aiko Graham. Ki ɗauki waya da kanki ki faɗa mini.

Ki gaida yara.

Mahaifinki,
Cyril