Batta Mai Giwa

Litinin, 7 ga Oktoba

Maigidana Malam Halidu da sauƙi, tansiyo, hawan jinin nan, ta sauka. 'Yata Latifa mura. Ni ƙafa ce kawai. Abdulhakim, autana da ke Bankok, Allah ne ya san lafiyarsa, ni dai "lafiya lau" nake ji a waya.

Abokin kasuwancinsa Isaka ya iso, ya kawo min saƙo. 'Yar batta ce ta azurfa, ba ta cika tafin hannu ba, baƙa ƙirin kamar gindin tukunya. Giwa a kan murfin, furanni kewaye. Ciki babu komai. Isaka ya ce daga Bama take, ƙasar da ke maƙwabtaka da can, sauran bayani mai ita zai yi. Ya ƙi kallon idona.

Laraba, 9

Tsohon abu ake aiko wa uwa? Kasuwa ce ta karye? Na samu toka da lemun tsami na dirje gefe guda, ya yi fari tas. Hannu ya gaji, na bar sauran.

Halimatou maƙwabciya ta ce in fitar da ita, abu mai hoton dabba ba ya kwana ɗakin salla. Ta ce wa ya san abin da aka taɓa zubawa ciki. Na kai ta madafa. Na dawo da ita.

Alhamis, 10

Na tsallaka gada na kai wa Zakari, Buzun da ke gyara min 'yan kunne. Ya juya ta, ya juya. Ya ce wannan ba aikinsu ba ne, daga ciki aka bugo giwar har ta taso. Sai ya ga gefen da na wanke, ya riƙe baki.

"Hajiya, wa ya yi mata haka? Baƙin nan ai shi ne shekarunta."

Na ce yara ne. Yaran wa, ni Habsatu?

Asabar, 12

Abdulhakim ya aiko vokal, saƙon murya. Na saurara har Latifa ta ƙwace wayar.

Akwai yarinya, Maryam, 'yar Bama, Musulma, tana aiki a butik, wani kanti kusa da nasa. Battar ta kakarta ce. Wai a cikinta suke sa abin taunawarsu, kamar goronmu, a miƙa wa baƙo. Uwar yarinyar ce ta ce a kawo min, uwa zuwa uwa. In na amince in sa wani abu ciki in mayar. In ban amince ba in mayar da ita yadda ta zo.

Yadda ta zo! Rabi fari, rabi baƙi.

Lahadi, 13

Malam ya ce tun da tana salla shi ba shi da magana. Shi ke nan, ya juya ga rediyonsa. Ni ce zan rasa ɗa. Jikokina da wane baki za su gaishe ni? Da girmana na shiga yaƙi da jahilci don in karanta saƙonsa da kaina, yanzu kuma sai in koyi Bamanci?

Na shafa wa battar baƙin tukunya. Ya goge a zanena.

Talata, 15

Ita ma uwar, 'yarta za ta tafi hannun mutanen da ba ta taɓa gani ba. Kuma ta ɗauki abin uwarta ta ba baƙo ya hau jirgi da shi. Ni ko faranti ba na ba Halimatou aro.

Na gwada goro, don in gani kawai. Fari ɗaya ya shiga daidai, murfin ya rufe. Ban ce na yarda ba. Ban dai cire shi ba.

Na rubuta masa da hannuna, ban sa Latifa ba: Abdul, ka gaya wa matar nan ni na wanke gefen, ban sani ba ne, ta yi haƙuri. Ka tambaye ta ko haƙoranta suna iya goro, ko in sa dabino. Ka ba ni amsa kafin Juma'a, ranar Isaka zai tashi.