Jan Alƙalami a Katin Tasalla

Yelwa, Juma'ar ƙarshe ta watan Sha'aban.

Zuwa ga Tasalla, uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Shekara uku ke nan ina jin haushin hannuna na dama, kuma ban taɓa faɗa wa kowa dalili ba.

Kin tuna lokacin da ƙullutun nan ya fito miki a nono. Kina ta bandar kifi a Wara, kina cewa zafin wuta ne kawai. Da muka je wani babban asibiti a Sakkwato aka ce ciwon daji ne. Albashina na malamin firamare ko allura ɗaya ba zai saya ba. Wata nas ce ta nuna mana ofishin asusun taimako, inda attajirai da matan gari suke zuba gudummawa domin masu irin ciwonki. Suka buɗe miki kati, suka ɗauki nauyin allura shida. Aka yi miki uku. Gashinki ya zube, amma ƙullutun ya ragu, har kika fara tambayar ko kifi ya yi tsada.

Tsakanin ta uku da ta huɗu aka ba mu jiharmu ta Kebbi. Ni da na yi shekaru ina rubuta takardun neman ta, ranar har rawa na taka a bakin kasuwa. Da muka koma asibiti, akawu ya miƙo mini katinki in sa hannu. Na ga an rubuta Yauri, Jihar Sakkwato. Ya ce in bar shi haka, ba wanda zai duba. Ke ma kika taɓa gwiwata, kika ce, "Malam, nan fa ba aji ba ne." Na zaro jan alƙalamin da nake gyara aikin yara da shi, na soke, na rubuta Kebbi. Har da yi masa wa'azi a kan faɗin gaskiya.

Ashe sharaɗin masu bayarwa shi ne 'yan jiha kaɗai. Akawun ya sani, ni ban tambaya ba. Katin ya je wurin manya, ya dawo da hatimin dakatar da taimakon. Aka ce mu nemi asusun sabuwar jiharmu. Na je Birnin Kebbi, na tarar ko kujeru ba a gama shigarwa ofisoshi ba. Can a ce ke ba tasu ba ce, nan a ce mu jira. Na yi ta aika wasiƙu da Turancin da ake yaba mini tun ina kwaleji. Shiru.

Ba ki taɓa ambaton abin da na yi ba. A motar dawowa, ruwa kawai kika ce in saya miki. Da zagina kika yi, da na samu sauƙi.

Jiya wasu dattawan Yelwa suka zo. Sun kafa asusu irin wancan, suna so in rubuta musu takardar neman gudummawa. Na ji daɗi har suka zo kan sharaɗi: 'yan asalin jiha kaɗai. Na tuna musu matan tsallaken kogi da ke zuwa asibitinmu a kwale-kwale, waɗanda kika yi shekaru kina sayen kifi a hannunsu. Takardarsu ta wata jiha ce. Shugabansu ya ce masu kuɗin haka suka gindaya, in an cire, ba za su ba da ko sisi ba, namu ma su rasa.

Na ɗauki alƙalami, Tasalla. Sannan na rubuta musu yadda suka ce.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki, Ya sa ki yafe mini. Ya ji ƙan matar da za a mayar daga bakin ƙofa saboda wannan takarda.

Allura uku suka rage miki. Kin rasu a Wara ranar Talata, kafin ruwan farko ya sauka.

Mijinki,
Malam Garba